Kaji 12 a lambun da ba ka kwana a cikinsa

Tambaya: Wani bawan Allah daga Daura ya ce yana da ɗan lambu a bayan gari, fegi ɗaya mai shinge da rijiya, inda yake noma alayyafo da salak da tumatir da albasa. Yana zuwa safe da yamma, amma ba ya kwana a can. Yana so ya ajiye kaji 10 zuwa 15 domin ƙwan gida da kuma taki. Wace iri zai saya, a ina zai same su, kuma yaya zai riƙe su kada su mutu?

Amsa: Malam, maganar da ta fi komai nauyi a tambayarka ita ce ba ka kwana a wurin. Kazar da ke tsakar gida tana da masu tsaronta ba tare da an sani ba: yaro zai kori shirwa, uwargida za ta ga kasko ya bushe ta zuba ruwa, wani zai ji kuka da tsakar dare ya fito da fitila. Kazar lambu ba ta da kowa daga ƙarfe tara na safe zuwa la'asar, kuma ba ta da kowa daga magariba zuwa wayewar gari. Don haka irin da za ka saya, da shekarunta, da ginin ɗakinta, da girman mazubin ruwanta, duk a kan wannan rashin naka za a auna su.

Mu fara da iri. Uku ne a gabanka. Akwai kazar Hausa, wadda ta san zafinmu, ta iya neman abincinta, ta iya kwanci da renon 'ya'ya. Sai dai ƙwanta bai cika wuce 40 zuwa 60 a shekara ba, domin tana yin 10 zuwa 15 ne ta tsaya ta kwanta a kansu kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki. Kuma ribarta duk a sakinta take, kai kuwa ba ka da damar saki: yini ɗaya ya ishe su tone maka bedin salak da irin albasa. Akwai leyas, wato kajin ƙwai na gidan gona, irin su ISA Brown, da ShikaBrown wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar domin yanayin ƙasar nan. Waɗannan suna fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, kuma idan abinci da ruwa da haske sun cika, kaza ɗaya na iya kusantar ƙwai 300 a shekararta ta farko. Ba sa kwanci, ba sa yafe kuskure. Sai kuma maja, wato irin su Noiler, masu jiki da nama, da ƙwai tsaka-tsaki, da juriya fiye da leyas, amma da ci mai yawa idan aka kulle su.

Tun da ƙwai da taki kake so, kuma a kulle za su zauna, shawarata ita ce leyas 12. Idan ka san hannunka ba zai iya sayen buhun abinci a kan kari ba, to ka ɗauki maja, domin sun fi jure abincin haɗin gida. Zakara ba ka buƙatarsa. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara. Aikinsa kawai sa ƙwan ya ƙyanƙyashe. A lambu kuma cararsa ita ce ke sanar da mai wucewa cewa akwai kaji a bayan shingen nan.

Kada ka fara da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya. Suna da araha a ido, amma a makon farko suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 dare da rana, ana ragewa kamar digiri 3 kowane mako, kuma dole a riƙa leƙa su cikin dare. Tukunyar gawayi a ɗakin da aka rufe ba kowa kusa, ko dai ta mutu sanyi ya kashe su, ko hayaƙinta ya shaƙe su, ko ta kama ɗakin da wuta. Yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan da kewaye suke zuwa, bayan doguwar tafiya a mota, suna isowa a galabaice. Kuma kowace za ta ci kilo 6 zuwa 7 kafin ka ga ƙwai ɗaya. Idan ka nace sai su, ka rene su a gida har mako 6 zuwa 8 kafin ka kai su lambu, kuma ka lura da launi ranar saye: a jajayen leyas, mace ce mai ja-ja, namiji fari ne ko ruwan madara, a baƙaƙe kuma namiji na da ɗigon fari a ka. Da wannan ake cutar sabon shiga, a ba shi maza a farashin mata.

Abin da ya dace da kai shi ne sagara, wato budurwar kaza 'yar mako 14 zuwa 16, wadda ta gama yawancin rigakafinta ta kusa fara ƙwai. Ka saye su duka a gona ɗaya, masu shekaru ɗaya, rana ɗaya. Gonakin kaji da ke kewayen Katsina da Daura sukan rena fiye da buƙatarsu su sayar da rara, kuma shagunan abincin kaji da likitocin dabbobi sun san wanda ke da su a kowane lokaci. Ka je gonar da ƙafarka. Ka nemi a nuna maka takardar rigakafi da ranar ƙyanƙyasa: na cutar Marek a ranar farko, na cutar Gumboro sau biyu a cikin mako 4 na farko, Lasota na cutar Niyukasil, rigakafin ƙuraje a fiffike wajen mako 6 zuwa 8, da allurar Komarov, ita ma ta Niyukasil. Wanda ya ce "an yi musu komai" amma ba zai iya faɗin rana ba, ka gode masa ka tafi.

Kasuwa fa? Kasuwannin Mai'aduwa da Mashi da Charanci cike suke da kaji, kuma don yanka babu laifi. Don kiwo kuwa nan ne hanya mafi sauri ta sayo annoba da kuɗinka. Kajin ƙauyuka ashirin ne ke haɗuwa a keji ɗaya, suna shan kasko ɗaya. Kuma sanannen abu ne cewa idan cuta ta shigo gida, mai kaji kan yi sauri ya kai waɗanda suka rage kasuwa kafin su kwanta. Cutar Niyukasil na iya ɓoyewa a jikin kaza kwana 2 zuwa 15 kafin ta nuna, don haka wadda ka gani garau ranar kasuwa tana iya faɗuwa ranar Juma'a ta ja sauran. Duk kazar da za ta shigo daga baya, ko kyauta ce daga ɗan'uwa, ta zauna ita kaɗai a nesa na kwana 21, da nata mazubi, kuma ita za ka riƙa dubawa a ƙarshe, bayan ka gama da sauran.

Yanzu yadda za ka duba sagara a hannu, domin a nan ake sayar wa mutane tsofaffin leyas da suka gama aiki da sunan sababbi. Ɗauke ta, ka sa ƙirjinta a tafin hannunka, kanta na fuskantar gwiwar hannunka. Jar leya 'yar mako 16 zuwa 18 tana tsakanin kilo 1.3 da 1.5, ƙashin ƙirjinta ya kasance da tsoka gefe da gefe, ba kamar bakin wuƙa ba. Dubi ƙafa: ta budurwa rawaya ce shar, santsi, farce gajere. Ta tsohuwa ta koɗe ta yi fari-fari, domin launin ya tafi cikin gwaiduwar ƙwan da ta shekara tana yi, ɓawon ƙafar ya yi kaushi, farce ya yi tsawo, gashin wuya da na wutsiya sun kakkarye. Sai ka juya ta, ka busa gashin da ke kewaye da dubura. Wurin ya zama a bushe, babu kashi a manne, babu ƙwarƙwata na gudu, babu fararen ƙwayayenta a gindin gashi. Gefe da gefen dubura akwai ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini. Ka sa yatsu tsakaninsu. Yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi, ba ta fara ƙwai ba, ita kake nema. Yatsu biyu zuwa uku, tana cikin yi. Idan an ce maka 'yar mako 15 ce amma yatsu uku sun shige, ga ƙafa fara, to ba gaskiya aka gaya maka ba. Daga nan ka kara kunnenka a bayanta ka saurari numfashi: kada ka ji ƙara ko gurnani. Ido tar, hanci a bushe.

Lokacin saye ma yana da muhimmanci. Kada ka kawo su a Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, domin sauyin wuri da zafi tare sukan karya su. Ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi: gari ya yi sanyi-sanyi, hatsi na shirin sauka, kuma za ka samu damar sabunta musu rigakafi kafin hunturu. Ka ɗauko su da sassafe ko bayan la'asar, a kwando ko keji mai iska, ba a ɗaure ƙafa a rataye a babur ba. Da isarsu ruwa za su fara sha, mai ɗan sukari ko bitamin, abinci bayan awa ɗaya ko biyu. Ka tambayi abincin da suke ci a gonar ka ci gaba da shi. Idan za ka canza, ka riƙa gauraya tsoho da sabo na tsawon mako guda.

Ɗaki kuwa a gama shi kafin a sayo kaza. Kaji 12 na buƙatar ɗaki ƙafa 6 da ƙafa 8, kimanin kaji 3 a kowace murabba'in mita, domin a zafinmu cunkoso kisa ne. Tsawonsa ya bi gabas da yamma, yadda rana ba za ta shiga ta dogayen gefuna ba. Bangon gabas ya zama cikakke, tun da daga can hadari da iskarsa suka fi taso mana. Dogayen gefuna biyu, kudu da arewa, a yi musu gajeren gini bulo biyu ko uku, sama kuma raga har rufi. Ragar ta zama mai ƙananan ido, rabin inci. Mai faɗin ido tana hana kaza fita ne kawai, ba ta hana ɓera da ƙaramin maciji da tsuntsaye shiga. Rufi ya kai ƙafa 8, ya zarce bango da ƙafa 2 ko 3 saboda feshin ruwa. Idan kwano ne, a shimfiɗa masa zana ko karan dawa a sama, domin kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne. In da bishiyar darbejiya a lambun, ka gina a gabas da ita yadda za ta tare ranar azahar zuwa la'asar.

A yi daɓen siminti, a kuma yi wa bango yaɓen siminti a shafe duk tsaga. Dalilin daɓen shi ne gafiya da ɓera da ke haƙowa ta ƙasa. Dalilin yaɓen kuma kaskar kaji ce, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba domin ba a ganinta da rana. Tana ɓuya a tsagar bangon ƙasa da mahaɗar katako, ta fito da dare ta sha jini ta koma. Kaji su rame, zanko ya koɗe, ƙwai ya ragu, mai su yana ta ba da maganin tsutsa a banza. Idan kana zarginta, ka je bayan isha da tocila, ka haska tsagogi da ƙarƙashin sandar kwana, ka zura tsinke: za ka ga ta fito, faffaɗa, ruwan toka, wata ta kumbura da jini, ga ɗigon baƙin kashinta a bakin tsagar. Maganinta a bango yake: a fitar da kaji, a fesa maganin da likitan dabbobi ya ba da har cikin tsagogi, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, a toshe tsagogin. Fiya-fiya kada ta kusanci kaza ko ɗakinta.

A kan daɓen a zuba ɓuntun shinkafa ko aski na katako mai kaurin yatsu huɗu zuwa biyar. Garin katako mai laushi yana tashi ya shiga hanci, ɓawon gyaɗa kuma yakan yi fumfuna idan ya jiƙe. Ka riƙa juya shi da manjagara kowane kwana biyu ko uku, ka kwashe inda ya jiƙe. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka damƙa a hannu, idan ya dunƙule ya jiƙe da yawa, idan ka durƙusa warinsa ya sa idonka yaji, kaji sun daɗe suna shaƙarsa. A sa sandar kwana mai tsayin ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza ta samu santimita 20 zuwa 25, wato sanduna biyu masu ƙafa 5. Gurbin ƙwai uku sun isa, kowanne ƙafa ɗaya ta kowane gefe, a lungu mafi duhu, da busasshiyar ciyawa a ciki. A gaban ɗakin ka kewaye fili ƙafa 10 da 12 da raga, har samansa saboda shaho da shirwa, ka binne gindin ragar ƙafa ɗaya a ƙasa saboda tunku da kare. A kusurwa ka ajiye tsohuwar taya cike da yashi da toka domin wankan ƙasa, shi ne ke rage musu ƙwarƙwata. Ƙofa ta ƙarfe da kwaɗo mai kyau. Kuma ka yi magana da maƙwabcin lambu ko mai gadin da ke kusa, ka ware masa ƙwai kaɗan a mako. Idonsa ya fi kwaɗon amfani.

Ruwa shi ne inda mai kiwon nesa ya fi yin asara. Leya na shan kimanin ninki biyu na abin da ta ci, wajen rubu'in lita a rana, a bazara kuma yana iya ninkawa. Kaji 12 ke nan lita 3 a sanyi, lita 6 a zafi. Kada ka dogara da mazubi ɗaya. Ka sa biyu, kowanne ya isa ya ɗauke su yini guda shi kaɗai, a rataye ko a ɗora a kan bulo daidai tsayin bayan kaza, a inuwa. Ɗaya zai iya kifewa da hantsi, kai kuma sai la'asar. Kazar da ta yini ba ruwa a sanyi tana iya ɗaukar mako biyu kafin ƙwanta ya dawo daidai. A Afrilu kuwa gawarta za ka tarar. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, kuma haki ne babbar hanyarta ta fitar da zafi: za ka ga ta buɗe baki, ta saki fikafikai. Ruwan da ya yi ɗumi ba ta sha, don haka ka ajiye randa a inuwa ka riƙa ɗiba daga ciki, ka yayyafa ruwa a kan zanar rufi da ƙasan fili da safe. Kuma ruwan ya zauna cikin raga. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to ba shi kaɗai ba ne: kurciya da buwa da tattabarun unguwa duk za su sauka, kuma ta bakin kasko cututtuka da dama ke shigowa.

Abinci: leya mai ƙwai na cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 12 kilo 1.4 ke nan, buhu mai kilo 25 zai yi maka kwana 18. Idan suna yin ƙwai 9 zuwa 10 a rana, a kwana 18 ɗin za ka tara kimanin kiret 5 da rabi zuwa 6. Da wannan za ka yi lissafinka a kowane farashi: kuɗin buhu ɗaya a gefe, kuɗin kiret 5 a gefe. Ka auna kilo 1.4 a sikeli sau ɗaya, ka zuba a roba ka yi mata alama, domin tiya da gwangwani ba su da tabbas. Ka ba da kashi ɗaya cikin uku da sassafe, kashi biyu da la'asar. Hakan ya dace da zuwanka, ya kuma dace da jikin kaza: narkar da abinci na ƙara mata zafi, gara ya faɗo da yamma, sannan ɓawon ƙwai da dare ake gina shi. Ƙwai na ɗaukar kimanin awa 25 kafin ya kammala, kuma wajen awa 20 daga ciki na yin ɓawo ne. Kada ka cika mazubi ya wuce rabi, za su watsar. Har zuwa mako 17 ko 18 abincin masu tasowa za su ci, sannan a juya zuwa na leyas.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga abinci ya yi tsada a ninka shi da dusa. Dusa na cika ciki, ba ta yin ƙwai. Abincin leyas na ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari da sinadarin kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4. Idan ka raba shi biyu da dusa, cikin mako guda za ka ga ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi laushi, kaji sun fara fasa ƙwai suna sha, suna tsigar gashin juna. Mai son haɗa nasa, ga ma'auni na kilo 100: masara 52, tunkuzar waken suya 20, ta gyaɗa 4, dusar alkama 13, dutsen kalsiyam 8, garin ƙonannen ƙashi 2.25, gishiri 0.3, firimis na leyas (haɗin bitamin da sinadarai) 0.25, methionine (sinadarin furotin) 0.2. Gero na iya maye gurbin masara ba tare da matsala ba, farar dawa ma haka. Jar dawa mai ɗaci tana rage narkewar abinci. Waken suya ɗanye ba a ba kaza, sai an soya ko an dafa, domin yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin. Ƙuli-ƙuli ko masara da suka yi fumfuna guba ce ga hanta. A kan kaji 12 dai wahalar haɗin ta fi ribarsa, sai in kun haɗu ku uku ko huɗu.

Lambun zai taimaka da ganye: zogale, alayyafo, yakuwa, ganyen salak na waje. Ka ɗaure dami ka rataye su yi ta tsiga, gwaiduwa ta yi ja, su kuma shagala da barin tsigar juna. Ƙari ne, ba madadin abinci ba. Amma lambun yana da nasa haɗarin. Ganyen da aka fesa wa maganin ƙwari kada ya shiga ɗakin kaji. Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ka gan shi ja ko ruwan hoda, yana kashe kaza. Jarkar feshi ba a ɗiban ruwan sha da ita ko an wanke. Maganin ɓera kuma a cikin bututu ko akwati, a wajen raga.

Haske: a Daura tsawon yini na tsakanin awa 11 da 'yan mintuna zuwa kusan 13, leya kuwa ta fi yin ƙwai da awa 16. Ƙaramar fitilar sola da za ta ba da awa 3 zuwa 4 bayan magariba ta wadatar a ɗaki irin naka. Kada ka fara ƙarin haske kafin mako 17 ko 18, domin kazar da aka matsa ta fara ƙwai jikinta bai cika ba ita ce duburarta ke fitowa, sauran su ga ja su caccake ta har lahira. Ka ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya kowane mako. Fitilar da ke ci har asuba ba ta da amfani, tana hana su hutawa.

Sai cuta. Niyukasil ita ce ke share kajin ƙauye kowane hunturu: kore ko farin zawo, haki, tari, sannan wuya ya murɗe kaza ta riƙa kallon sama tana juyawa. Ƙwayar bairas ce, ba ta da magani. Barkono da sassaƙen maɗaci da gautan kaji da kafso duk ba sa tsayar da ita. Rigakafi ne kaɗai, kowane wata 3, kuma ɗaya ya faɗo a Oktoba kafin iska ta juyo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafin Lasota da kuma I-2, wanda ya fi jure zafi kuma ana iya ɗiga shi a ido. Ga kaji 12 ɗigon ido ya fi tabbas, domin ka san kowace ta samu. Idan a ruwa za ka ba da Lasota, ka sayo shi a inda firji ke aiki, ka ɗauko a fulas da ƙanƙara. Ka janye ruwa awa ɗaya ko biyu da sassafe su ji ƙishi. Ka yi amfani da ruwan rijiya a mazubin roba. Ruwan famfo na da kulorin mai kashe rigakafin. Ka sa garin madara giram 2 a kowace lita, ka buɗe kwalbar a cikin ruwan, su shanye cikin awa 2 a inuwa. Abin da ya rage ba a ajiyewa. Kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko fiye, don haka ka haɗa rana da maƙwabta masu kaji, kariyarsu kariyarka ce. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Kashi mai jini, da kaza ta takure ta saki fikafikai, yawanci ciwon hanji ne da ake kira koksidiyosis, kuma jiƙaƙƙen ɓuntu ne gidansa, musamman a Agusta. Ana ba da maganin amprolium a ruwa yadda takardarsa ta ce, a kuma canza ɓuntun. Maganin tsutsar ciki kowane wata 2 zuwa 3. Abin da ake kira farin kashi alama ce ta cututtuka da dama, ba cuta ɗaya ba, don haka kada ka sayi magani da sunan kawai; ka kai kazar, ko gawarta da ba ta daɗe ba, asibitin dabbobi a buɗe a gani. Duk maganin da ka ba da, ka duba kwanakin da aka ce a dakata da cin ƙwai, ka kiyaye su, domin yaranka ne za su ci. Idan kuwa ka zo da safe ka tarar da uku ko huɗu sun mutu lokaci guda, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafa ta yi ja kamar an ƙona, ka yi zargin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna kuma take dawowa lokaci zuwa lokaci. Kada ka yanka, kada ka sayar, kada ka taɓa da hannu tsirara. Ka rufe ɗakin ka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Ka ware takalmi ɗaya na roba da ba ya fita daga lambun, kuma ranar da ka shiga layin 'yan kaji a kasuwa kada ka wuce ɗakin kai tsaye.

A hunturu ka rufe gefen arewa da buhu da dare, ka bar tazarar tafin hannu a sama don iska, ka ɗage da hantsi. Ƙwai ka kwashe duk zuwa, safe da yamma, domin wanda ya yini a gurbi shi ke fashewa ya koya musu sha, shi ke kuma kiran maciji. Kada ka wanke shi, ka goge da busasshen tsumma, ka jera tsinin a ƙasa a wuri mai sanyi. A bazara kada ya wuce mako guda.

Taki kuma kada ka kai shi bedi kai tsaye. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke iya bin ganyen da ake ci ɗanye kamar salak. Duk wata 3 ko 4 ka kwashe ɓuntun gaba ɗaya, ka tara a rami ko a tsibi tare da busasshiyar ciyawa da ragowar ganye, ka yayyafa ruwa ya yi damshi, ka rufe da buhu, ka juya kowane mako biyu. Cikinsa zai yi zafi har ka kasa barin hannu. Idan ya huce, ya yi baƙi, warin ya koma na ƙasar damina, wajen wata 2 zuwa 3, ya nuna. Ka gauraya shi da ƙasa mako biyu kafin dashe.

Bayan mako 72 zuwa 80 da ƙyanƙyasa ƙwai zai ragu har buhu ya daina biyan kansa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da gwajin yatsun nan: wadda ƙasusuwanta suka matse zuwa yatsa ɗaya, zankonta ya yanƙwane, ta daina, ita za ka fara fitarwa. Sauran ka daidaita sayar da su da lokacin salla, ka wanke ɗakin, ka fesa magani, ka bar shi fayau na mako 2 kafin sababbi su shigo.